Yadda za ka zaɓi monita mai fitar da hoto tar-tar ba tare da kuɗinka sun tafi a banza ba

Masu ɗakin hoto, masu shagon buga takardu, masu haɗa bidiyon biki da ɗaliban zanen gini a Garwa da Marwa da Ngaundare, a arewacin Kamaru, in sun tashi canza monita abu biyu suke fara tambaya: inci nawa ce, kuma 4K ce? Tambayoyin ba laifi, sai dai ba su ne na farko ba. Monita ba ta ƙirƙirar hoto. Abin da kwamfuta ta turo mata ta waya shi take nunawa. In kwamfutarka ba ta iya turowa, ko wayar ba ta iya ɗauka, to ka sayi doki ne ka ɗaure a turke kana ba shi harawa. Don haka sayen monita daga bayan kwamfutarka yake farawa, shago shi ne kusan na ƙarshe.

Mataki na farko: san zamanin da kowace monita ta fito

Hoton da ke kan allo ɗigo-ɗigo ne ƙanana da ake kira fiksel, an jera su layi-layi. In ka ga an rubuta 1920 × 1080, ana nufin ɗigo 1920 a kwance, 1080 a tsaye, jimilla 2,073,600. Wannan lambar ita ce asalin monita. Sunaye irin su HD da 2K da Ultra ado ne na kwali, kuma kowane mai shago da yadda yake amfani da su. Lambar za ka tambaya.

Sanin zamani yana da amfani a nan arewa saboda yadda kayan ke iso mana. Wasu ta tashar Duwala suke shigowa, su hau jirgin ƙasa ko babbar mota zuwa Ngaundare, su biyo titi har Kusiri da Injamena. Wasu ta kan iyakar Najeriya, ta wajen Yola da Mubi. Da yawa daga ciki na hannu ne da ofisoshin Turai da Amurka suka sauke. Shi ya sa a kan tebur ɗaya za ka tarar da monitar 2006 kusa da ta 2019, dukkansu baƙaƙe, dukkansu an goge sun yi ƙyalli.

Mai ƙeya ta farko. Kamfanin IBM ne ya fito da tsarin VGA a 1987 mai ɗigo 640 × 480, ya biyo da XGA mai 1024 × 768 a 1990. Waɗannan sun wuce, ga nauyi ga cin wuta.

Sai masu faifai na farko, inci 17 da 19, kusan murabba'i, masu 1280 × 1024. Har yanzu suna da yawa a kasuwa kuma ba su da tsada. Don rubuta rasit ko lissafin shago sun isa. Don hoto da zane, a'a.

Bayan su aka shiga zamanin masu faɗi na 16:10, wato 1680 × 1050 a inci 22, da 1920 × 1200 a inci 24. A 2004 Apple ya fitar da mai inci 30 da ɗigo 2560 × 1600, wadda ita ce abin alfaharin masu zane na wancan lokacin. Tun 2001 ma IBM ya yi wata mai suna T220 mai 3840 × 2400 a inci 22, amma tsadarta da wahalar samun kwamfutar da za ta ja ta suka sa ba ta shiga hannun talaka ba. Matsalar da ta kashe wa T220 kasuwa ita ce dai ke damun mai sayen 4K a yau: allon ya riga kwamfutar gudu.

Daga wajajen 2009 tsarin 16:9 na talabijin ya mamaye ko'ina, 1920 × 1080 ya zama na kowa. A shekarar ne iMac na Apple mai inci 27 ya zo da 2560 × 1440, ɗigo 3,686,400. A wannan zamanin akwai tarko guda: ƙananan masu faɗi na inci 18.5 masu 1366 × 768. Ido zai ce maka sabbin yayi ne, alhali ɗigonsu bai kai na tsohuwar 1280 × 1024 ba.

4K, wato 3840 × 2160, ya sauko kan tebur a 2013 ta hannun Sharp da Asus da Dell. Ɗigo 8,294,400 ke nan, ninki huɗu cif na 1920 × 1080. A 2014 aka ga 5K mai 5120 × 2880 a iMac, a 2017 Dell ya yi 8K mai 7680 × 4320 wadda sai da waya biyu take cika aikinta, a 2019 Apple ya kawo 6K. Daga 5K zuwa sama, ka san da zamansu kawai. Mai aiki a nan zaɓinsa na gaskiya uku ne: 1920 × 1080 ko yayarta 1920 × 1200, sai 2560 × 1440, sai 4K.

Mataki na biyu: juya kwamfutarka ka duba bayanta

Nan ne mutane suka fi yin asara, don haka zan ɗan daɗe a kai.

Ɗauki waya ka haska bayan kwamfutar, ka ɗauki hoton kafofin da ke wurin. Mai launin shuɗi da ramuka 15 ita ce VGA. Tsohuwar hanya ce, hoton da take kaiwa ba na lamba ba ne, shi ya sa rubutu ke yin inuwa in wayar ta yi tsawo ko ba ta da kyau. Za ta iya kai 1920 × 1080, amma kada ka gina sabon saye a kanta. Fara mai faɗi ita ce DVI, ta 1999. Iri biyu ce: mai layi ɗaya tana tsayawa a 1920 × 1200, mai layi biyu tana kai 2560 × 1600. Tsofaffin inci 30 ɗin nan da wasu inci 27 na farko sai da mai layi biyu suke fitar da cikakken hoto, kuma sababbin kwamfutoci ba su da ita. In aka yi maka tayin irinsu da araha, dalilin arahar ke nan.

HDMI kowa ya san ta, amma surar kafar ɗaya ce tun farko har yau, abin da ke ciki ne ya bambanta. HDMI 1.4 ta 2009 tana kai 4K, sai dai hoto 30 kawai a daƙiƙa. HDMI 2.0 ta 2013 ita ce ke kai 4K da hoto 60. HDMI 2.1 ta 2017 tana kai 120. Bambancin 30 da 60 ba ƙarami ba ne. A kan 30, kibiyar linzami tana tafiya tana tsalle-tsalle, in ka ja taga sai ta biyo ka a baya, kafin azahar idonka ya gaji. Fim zai kallu, aiki ba zai yi daɗi ba.

Sai DisplayPort, wadda ta yi kama da HDMI amma kusurwa ɗaya ce kawai a yanke. Mutane da yawa suna da ita a bayan kwamfutarsu ba su sani ba, musamman masu Dell OptiPlex da HP EliteDesk na ofis da suka cika kasuwar gwanjo. DisplayPort 1.2 tana kai 4K da hoto 60, kuma a tsofaffin kwamfutocin ofis ita ce kafa mafi ƙarfi. USB-C kuwa ba kowace ce ke fitar da hoto ba. Wata caji da fayil kawai take yi. Nemi alamar D ko alamar walƙiya kusa da ita, ko ka duba lambar kwamfutar a intanet.

Kafa ita kaɗai ba ta isa ba, sai ka san abin da ke tura hoton daga ciki. Tunda yawancin Windows ɗinmu da Faransanci suke, danna dama a kan tambarin Windows, shiga Gestionnaire de périphériques, buɗe Processeurs da Cartes graphiques. In kwamfutar Intel ce kuma ba ta da katin hoto na daban, lambar farko bayan i3 ko i5 ko i7 ita ce zamaninta: i5-3470 zamani na uku, i5-4570 na huɗu, i5-8500 na takwas (daga zamani na goma kuwa, lambobi biyun farko ne). Zamani na biyu da na uku iyakarsu 2560 × 1600 ta DisplayPort, ka cire 4K daga ranka. Daga na huɗu, na 2013, kwamfutar tebur tana iya 4K da 60 ta DisplayPort. Ta HDMI kuwa, yawancinsu har zamani na goma a 30 suke tsayawa, sai daga na sha ɗaya abin ya gyaru. In akwai katin Nvidia ko AMD, duba lambarsa a shafin kamfanin, kuma ka tuna a jikin katin ake soka waya, a ƙasa, ba a kafofin sama ba.

Rubuta abin da ka gano a takarda: kafa kaza, iyakarta kaza. Da takardar za ka tafi kasuwa.

Mataki na uku: haɗa girma da yawan ɗigo

Kaifin hoto ba daga girma yake zuwa ba, ba kuma daga yawan ɗigo kaɗai ba. Daga ɗigo nawa aka cusa a kowane inci yake zuwa. Inci 24 mai 1920 × 1080 tana da ɗigo kusan 92 a inci. Ka shimfiɗa wannan lambar a inci 27, ta sauko 82. A inci 32 ta koma 69, kana zaune kana ganin gefen haruffa kamar matakala. Inci 27 mai 2560 × 1440 tana da 109. Inci 32 mai wannan lambar ta dawo 92, daidai da inci 24 ɗin farko, wato girma ka ƙara ba kaifi ba. 4K a inci 27 tana da 163, a inci 32 kuma 138.

Ni a ganina babbar monita mai ƙarancin ɗigo ita ce mafi munin saye, kuma ita ta fi jan ido a shago, saboda daga bakin ƙofa ake kallonta ba daga kujera ba.

Ga mai buga takardu da lissafi, inci 24 ta wadatar, kuma in ka sami mai 1920 × 1200 ka ɗauke ta. Layukan nan 120 na ƙari suna sa shafin A4 ya kusa fitowa gaba ɗaya ba sai kana ta gungurawa ba. Ga mai Photoshop da CorelDRAW da AutoCAD, inci 27 mai 2560 × 1440 ita ce tsaka-tsakin da ba a cika nadama a kai ba: fili ya ƙaru sosai, rubutu bai ƙanƙance ba, tsohuwar kwamfutar ofis ma tana jan ta ta DisplayPort. Mai haɗa bidiyo zai ji daɗin doguwa mai 3440 × 1440 saboda layin da ake jera guntayen bidiyo yana samun tsawo.

4K fa? Ga abin da masu shago ba sa faɗa. A inci 27, in ka bar komai a girmansa na asali, rubutu zai yi ƙanƙanta har sai ka kai hanci. Dole ka sa Windows ya ƙara girman komai zuwa kashi 150, kuma da ka yi haka filin aikinka ya koma daidai da na 2560 × 1440. Abin da ka saya da ƙarin kuɗin shi ne santsin haruffa da fitowar ƙananan abubuwa a hoto. Ga wasu hakan ya cancanci kuɗinsa. Mai tsara littattafan Larabci da ajami, wanda yake yini yana bin wasulla da ɗige-ɗigen haruffa, zai ga bambanci tun ranar farko. Haka mai gyaran fuska a hoton amarya, da mai ɗaukar bidiyo a 4K. Mai cika fom da buga takardar neman aiki kuwa, ya riƙe kuɗinsa ya ƙara wa kwamfutar RAM.

Mataki na huɗu: irin gilashin da launinsa

Iri uku za ka tarar. TN shi ne mai araha: ka ɗan sunkuya ko ka miƙe, launi ya canza, sama ta yi duhu ƙasa ta yi fari. IPS, wanda Hitachi ya fara fitarwa a 1996, yana riƙe launinsa ta kowace kusurwa. VA ya fi su baƙi mai zurfi, ya dace da kallon fim, amma launinsa na ɗan gushewa daga gefe. Duk wanda aikinsa ya shafi launi, ko kwastoma ke tsayawa a kafaɗarsa yana cewa a ƙara nan a rage can, IPS zai nema. In kai kana ganin atamfa ja shi yana ganin ruwan goro, ba za ku gama ba.

Gane su ba wuya. Buɗe hoton fuska, ka durƙusa ka kalli allon daga ƙasa. In fuskar ta yi baƙi ko ta juye, TN ne.

Wajen launi, nemi wadda aka rubuta tana cika sRGB kashi 99 ko 100. Wannan ma'aunin, da HP da Microsoft suka tsara a 1996, shi ne na intanet da yawancin injinan wanke hoto. Adobe RGB da DCI-P3 sun fi shi faɗi, amma in ba a saita su ba sai su sa hoto ya yi jan da babu shi a takarda. Tambarin HDR, mai alkawarin ƙarin haske da zurfin baƙi, a kan monita mai araha kada ya ƙara maka ko sisi a ciniki. OLED, wani sabon irin allo, wadda ta fara yawa a monitoci daga 2022, hotonta ba a magana, sai dai abin da ya daɗe a wuri ɗaya kan iya barin tabo, kuma aikin ofis kusan duk abu ne mai zama wuri ɗaya.

Sai fitilar da ke haska allon daga baya. Tsofaffi, kusan duk na kafin 2010, da siraran tulun fitila suke aiki. Suna da kauri, bayansu na zafi, sun fi cin wuta, kuma in sun tsufa farinsu kan koma ruwan ɗorawa ko ja-ja. Na baya LED ne. A garin da zafi ke wuce digiri 40 a Maris da Afrilu, LED za ka nema.

Lambar Hz kuwa, wato hoto nawa take nunawa a daƙiƙa, 60 ko 75 sun ishi kowane aiki. 144 zuwa sama na masu wasan kwamfuta ne.

Mataki na biyar: gwaji a shago

Kafin ka fita gida, buɗe Paint ka yi hotuna shida, kowanne launi ɗaya zalla: fari, baƙi, ja, kore, shuɗi, toka. Haɗa da shafi ɗaya na ƙananan rubutu da hoton fuskar wanda ka sani da ido. Zuba su a filas. In kana da laftof tafi da ita, da wayarka ta HDMI ko DisplayPort. Mafi kyau ma ka ɗauki kwamfutar da za ta yi aikin in ƙarama ce.

A shago za ka tarar an kunna mata bidiyon tsuntsaye ko korama, mai motsi da launi, wanda ke rufe kowane aibu. Ka nemi a canza, cikin ladabi.

"Alhaji, don Allah a ba ni dama in gwada ta da tawa."

"Haba ɗan'uwa, ga ta nan tana aiki, ko ba ka ga hoto ba?"

"Na gani, ranka ya daɗe. Fari da baƙi kawai nake so in duba, ba zan ɓata maka lokaci ba."

Mai kaya na ƙwarai ba ya ƙi. Wanda ya ƙi ya riga ya ba ka amsa.

Fara da takardar da ke manne a bayanta. Akwai lambar samfuri, akwai wata da shekarar ƙira, akwai ƙarfin wutar da take karɓa. Buga lambar samfurin a wayarka ka ga ainihin ɗigonta da irin gilashinta. Tabbatar an rubuta 100 zuwa 240V, musamman in kan wayar wutar irin na Amurka ne, tunda namu 220 ne. In mai adafta ce ta waje, kamar yawancin LG masu 19V da Samsung masu 14V, duba ko adaftar ta dace da abin da aka rubuta a jikin monitar. Adaftar da aka tsinto aka haɗa tana kawo ƙyaftawa, wani lokaci ta kashe monitar.

Kunna ta daga sanyi kana kallo. Lafiyayya cikin 'yan daƙiƙu take kawo hoto. Wadda fitilarta ke ta ƙyaftawa kafin ta tashi, ko ta kawo hoto ta ɗauke, sashen wutarta ya gaji. Ana gyarawa, amma ba a farashin lafiyayya za ka saya ba.

Yanzu danna dama a kan fuskar Windows, shiga Paramètres d'affichage, duba Résolution. Lambar da aka rubuta recommandé a gabanta ita ce ta gaskiya. In an ce maka 4K ce ka ga 1920 × 1080, ko dai ba 4K ba ce, ko kwamfutar da wayar ne suka gaza, kuma kowanne ne ya kamata ka sani kafin ka biya. Gangara zuwa saitin ci gaba na allo ka duba Hz: 60 kake so ka gani, ba 30 ba.

Sai hotunanka, kowanne ya cika allo. A kan fari, matso da fuska kamar taki ɗaya, bi allon daga kusurwa zuwa kusurwa a hankali. Baƙin ɗigon da bai gogu da yatsa ba mataccen fiksel ne. Tabo mai haske ko duhu kamar sawun babban yatsa alamar an danne ta ne a kwantena ko a mota, kuma ba ya warkewa. A kan baƙi, kare hasken ƙofa da jikinka ko ka roƙa a shiga da ita ciki: nemi ɗigon da ya maƙale ja ko kore, ka duba gefuna ko haske na tsiyayowa. Kaɗan a kusurwa al'adar IPS ce. In ya mamaye kamar gajimare, bar ta. Toka ita ke tona asirin allon da gefe ɗaya ya fi ɗaya duhu, ko inuwar tsohon rubutu da ta zauna. Siririn layi daga sama har ƙasa, ko da ɗaya ne, kada ka saurari "ai da ta yi zafi yake tafiya". Gilashin ne, kuma canza gilashi kusan sayen wata ne.

Mataccen ɗigo ɗaya a can gefe abin neman ragi ne. A tsakiya kuwa kullum idonka a kansa zai sauka.

Rage hasken zuwa ƙasa, ka kaɗa biro da sauri a gaban farin allo. In ka ga biron ya rarrabu kashi-kashi, fitilar tana ƙyaftawar da ido ba ya gani amma kai yana ji, wasu har ciwon kai take sa su. Gwada kowace kafa da kowane maɓalli. Ka bar ta a kunne kamar minti 20 kuna ciniki, don wasu aibobin sai ta ɗau zafi suke fitowa. Duba ƙafarta ko tana hawa da sauka, da ramuka huɗun baya masu tazarar santimita 10 ko 7.5 da ake ɗaura ta a bango ko a hannu. Kafin ka miƙa kuɗi, a rubuta maka lambar jikinta a rasit tare da kwanakin da aka yarda ka dawo da ita.

Wani zai ce me ya sa ba zai sayi talabijin ba, ga girma ga araha. Ana yi. Sai dai ƙananan talabijin masu inci 32 da yawa gilashinsu 1366 × 768 ne ko da suna karɓar hoton 1080, kuma talabijin kan yanke gefen hoto ya ɓata jan rubutu sai ka sa shi a yanayin PC. Don nuna wa kwastoma aiki daga nesa ya yi. Don zama gabansa yini guda, monita.

Mataki na shida: kai ta gida ka saita

In a babur za ka ɗauko ta, cire ƙafar, sa kwali a fuskar, ka riƙe ta a tsaye allon na kallon ƙirjinka. Kada a kwantar da ita a ɗaure da roba.

Yi amfani da kafa mafi ƙarfi da kwamfuta da monita suka haɗu a kai, ka guji mahaɗi in da hali. Wayar DisplayPort zuwa HDMI hanya ɗaya take bi, daga DisplayPort na kwamfuta zuwa HDMI na monita, ba ta yin akasin haka, kuma masu arahar ba sa kai 4K da 60. Mahaɗin HDMI zuwa VGA kuma mayar da kai baya yake yi. In hoton 4K yana ɗaukewa yana dawowa, ko kana ganin ƙananan tartsatsi a baƙi, fara zargin waya, ka canza ta da gajeriya mai kauri. In ya kafe a 30 alhali kwamfutar na iya 60, shiga jerin saitin monitar da maɓallanta. Wasu na zamanin farko sai ka kunna DisplayPort 1.2 ko HDMI 2.0 da hannunka.

A Windows ka bar Résolution a kan recommandé koyaushe. In rubutu ya yi maka ƙanana, kada ka rage ɗigo, hoton zai yi hazo. Je Mise à l'échelle: kashi 100 ga inci 24 mai 1080, 100 ko 125 ga inci 27 mai 1440, 150 ga 4K. Wasu tsofaffin manhajoji ba sa bin wannan saitin da kyau, maɓallansu kan fito mitsi-mitsi ko su yi dishi-dishi. In abincinka ya dogara da tsohuwar manhaja, gwada ta a kan 4K tun kafin ka saya. Daga nan rubuta ClearType, wato saitin gyara kaifin rubutu, a wurin nema ka bi tambayoyinsa.

Hasken da monita ke zuwa da shi na shago ne. Riƙe farar takarda kusa da farin allo, ka yi ta ragewa har su kusa daidaita. Masu wanke hoto su lura da wannan: allo mai haske da yawa shi ke sa hoto ya fito da duhu a takarda, ka yi ta zargin injin. In akwai yanayin sRGB, zaɓe shi. Ajiye monitar nesa da kai kamar tsawon hannu, gefenta na sama daidai da idonka, taga kuma ta kasance a gefe.

Mataki na bakwai: wuta, zafi da ƙura

Wutar arewacin Kamaru ta daɗe tana dogara da madatsar Lagdo a kan Binuwai, mai megawat 72, kuma in ruwa ya ja baya da rani ana jin abin a gida da shago, duk da tashoshin hasken rana da aka ƙara a Marwa da Gidar. Ɗaukewar ba ita ta fi cutar da monita ba, dawowar ce, da kuma hawa da saukar ƙarfi. Sa kuɗin na'urar daidaita wuta a cikin lissafinka tun farko, in da hali ka haɗa da UPS, wato na'urar batir mai riƙe kwamfuta in wuta ta ɗauke. In wuta ta ɗauke, kashe soket, ka ba ta 'yan mintuna bayan ta dawo. Da damina in hadari ya taso da tsawa, zare wayar daga bango gaba ɗaya.

Mai aiki da sola ya duba wat. Inci 24 ta LED takan ci wajen wat 20, manyan 4K sun fi haka, tsofaffin inci 30 masu tulun fitila kan wuce 100. Ninka wat da sa'o'in aikinka ka ga abin da batir zai ɗauka. Rage haske yana rage cin wuta sosai, don fitilar baya ce ke shan mafi yawa.

Yawancin monitoci an ƙera su ne su yi aiki a zafin da bai wuce digiri 35 zuwa 40 ba, shagon kwano kuwa da rana tsaka a Afrilu ya wuce nan. Bar tazarar tafin hannu tsakaninta da bango, kada ka ɗora takardu a kan ramukan shan iskarta, fanka ta riƙa bugun bayanta, rana kuma kada ta taɓa fuskarta kai tsaye.

Da hunturu ƙura ke shiga ta waɗannan ramukan. In ka tashi aiki, bari ta huce, sannan ka rufe ta da ƙyallen auduga. Leda tana riƙe zafi. Wajen gogewa, kashe ta, fara kaɗe ƙurar da busasshen ƙyalle mai laushi ba tare da dannawa ba, don ƙurar nan akwai yashi a ciki kuma tana karce fuska. Sannan ka ɗan jiƙa wani ƙyallen da ruwa mai tsabta, ka matse shi sosai, ka shafa. Kada ka fesa komai a jikin allon, ruwan yakan gangara ya shiga ƙasan firam inda siraran wayoyin gilashin suke, daga nan layuka ke farawa. Omo da fetur da maganin goge gilashin mota suna cinye rufin da ke hana ƙyalli, kuma in ya ɓare ba a mayar da shi.